Zakaran da Ba Ya Makara: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Maimaita Aiki a Kan Jadawali

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari, a cikin watan Agusta, zai ga gero da dawa sun yi duhu, fadamu sun cika, kududdufai kuma sun kwanta a bakin kowane ƙauye. Manomi ya ga albarka. Mai nazarin halittu kuwa ya ga albarkar, ya kuma ga wani abu daban, watau gidajen renon sauro. A cikin irin wannan ruwa da zafi, ƙwan sauro kan zama cikakken sauro mai tashi cikin kwana goma zuwa mako biyu. Saboda haka ne masassarar cizon sauro take yin tsanani a ƙasarmu daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, kuma ƙananan yara ne ta fi kayarwa.

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa sauro da kwamfuta. Abin da ya haɗa su shi ne lokaci. Akwai maganin kariya da ake raba wa yara gida-gida a lokacin damina, wanda amfaninsa ya rataya a kan ba da shi a ranar da ta dace. Akwai kuma wata dabara ta zamani da ake sa kwamfutar da take can wata ƙasa mai nisa ta farka a lokacin da aka yanka mata, ta yi ɗan aikin da aka sa ta, ta koma. A wannan darasi za mu ɗauki maganin a matsayin misali, mu koyi dabarar. Ni malamin ilmin halittu ne, bukata ce ta tura ni koyon wannan fanni, don haka zan yi bayani kamar yadda na so a ce an yi mini tun farko.

Jadawalin da jiki ya shata

A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59, maganin kariya daga masassara sau ɗaya a kowane wata na damina. A Nijeriya an fara gwada shirin a Jihar Katsina a 2013, ya iso Jihar Sakkwato a 2015. A nan wajenmu zagaye huɗu ake yi, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke.

Magani iri biyu ake haɗawa. Na farko shi ne salfadoksin-pirimetamin, wanda ake taƙaita sunansa da SP, na biyu kuma amodiyakwin, ko AQ. A rana ta farko ma'aikacin da ya zo gida yakan tsaya a ba yaro SP da AQ a gabansa. Sa'an nan ya bar wa uwa sauran ƙwayoyin AQ biyu, ta ba da ɗaya kashegari, ɗaya kuma jibi. Yaron da aka tarar yana cikin zazzaɓi ba a ba shi, sai a tura shi asibiti a gwada jininsa.

To, me ya sa ake maimaitawa? Dalili shi ne magani ba ya dawwama a jiki. Hanta da ƙoda suna ta aikin tace shi suna fitarwa, ƙarfinsa a cikin jini yana raguwa kowace rana. Muddin yana da sauran ƙarfi, ƙwayar cutar da ake kira Plasmodium falciparum, wadda sauro ya zuba a jikin yaro, ba za ta sami sukunin hayayyafa a cikin jajayen ƙwayoyin jini ba. Bayan kimanin mako huɗu kariyar takan yi rauni. Shi ya sa aka tsayar da kwana 28 tsakanin zagaye da zagaye. A lura da kyau: kwana 28 aka ce, ba a ce "wata ɗaya na kalanda" ba. Nan gaba za mu ga yadda wannan ɗan bambanci yake jefa mutum cikin rami.

Ke nan muna da jadawali iri biyu. Akwai babba, na kwana 28, wanda ya shafi ma'aikata. Akwai ƙarami, na kashegari da jibi, wanda yake hannun uwa ita kaɗai, a lokacin da aikin gona da na gida suka fi yawa. Mu ɗauka wata ƙungiyar ɗaliban kimiyya a Boɗinga ko Shagari ta ce za ta taimaka, ta riƙa aika saƙon tunatarwa ta waya zuwa gidaje 500 a kowace safiyar da ta dace. Wa zai tashi ya yi wannan aiki kullum, wata huɗu cur, ba fashi, ba makara?

Injin niƙa a cikin gajimare

Hanya ta farko da za ta zo wa ɗalibi a rai ita ce a ajiye kwamfuta ɗaya a makaranta, a bar ta a kunne dare da rana, a haɗa ta da intanet. Irin wannan kwamfuta da take zaune tana jiran yi wa wasu hidima ita ake kira uwar garke. Amma duk wanda ya san halin wutar lantarki a karkararmu ya san inda wannan shawara za ta kwana. Ga kuɗin man janareta, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga tsawa da kan ƙone kayan wuta da damina.

Hanya ta biyu ita ce haya. Manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google sun gina manyan zauruka cike da dubban kwamfutoci, masu wuta da sanyi ba yankewa, suna ba da hayarsu ta intanet. Wannan shi ne abin da ake yi wa laƙabi da gajimare. Sunan yana ruɗa yara, har wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko hadari yana shafarsa. Babu komai a sama. Gine-gine ne a doron ƙasa. Na Microsoft a Afirka ta Kudu sun fara aiki a 2019, na Amazon a Cape Town a 2020, na Google kuma a Johannesburg a 2024. Saƙonmu yakan isa irin waɗannan wurare ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda da yawansu a Ikko suke fitowa.

Ita ma hayar iri-iri ce. Kana iya hayar kwamfuta sukutum, kana biya ko ka yi aiki da ita ko ba ka yi ba. Kana kuma iya yin abin da matan ƙauye suke yi da injin niƙa. Mace ba ta sayen inji don za ta yi tuwon dare. Takan aika yarinya da kwanon gero, a niƙa, a biya kuɗin kwano ɗaya, shi ke nan. Man inji da gyaransa da gadinsa duk matsalar mai inji ce. A watan Nuwamba na 2014 kamfanin Amazon ya fito da wata hidima mai suna Lambda a kan wannan tsari, Microsoft ya biyo baya da Azure Functions a 2016, Google kuma yana da nasa. Masana suna kiran tsarin da sunan da ke nufin "babu uwar garke", amma sunan ya wuce gona da iri. Uwar garke tana nan, ba kai ne kake kiwonta ba kawai.

Abin da kake kai wa wannan inji shi ne wata 'yar gajeriyar manhaja mai aiki guda ɗaya tak. A wannan darasi za mu kira ta ɗan aike. Ba ya zama a kunne. Sai an kira shi ake nema masa gurbi a cikin wata kwamfuta, ya yi aikinsa cikin daƙiƙoƙi, a sallame shi. A Lambda ba a yarda ya wuce minti 15 a kira ɗaya ba. Kuma idan an sallame shi yakan manta duk abin da ya yi, sai fa abin da ya rubuta ya ajiye a wata ma'ajiya daban.

Bari mu yi ɗan lissafi. Daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba kwana 123 ne. Kwamfutar da aka bari a kunne duk tsawon wannan lokaci ta ci awa 2,952. Ɗan aiken da yake tashi sau ɗaya a rana ya yi aikin daƙiƙa 10 kuwa, daƙiƙa 1,230 ya ci gaba ɗaya, watau minti ashirin da rabi. Amazon ma yakan yafe kuɗin kira miliyan ɗaya na farko a kowane wata. Saboda haka kuɗin da zai ci aljihun ƙungiyar shi ne na saƙonnin waya, ba na kwamfuta ba.

Wa zai tashe shi?

Ɗan aike ba ya tashi da kansa. Yana bukatar mai tashi, kamar yadda gari yake bukatar zakara.

A nan ba zan iya wucewa ban ce wani abu a kan zakaran gaskiya ba. Mutane da yawa sun ɗauka hasken alfijir ne yake sa shi cara. A 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Nagoya a Japan, Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura, suka ajiye zakaru a ɗaki mai ɗan dishi-dishin haske da ba ya sauyawa dare da rana. Zakarun suka ci gaba da cara a kan lokaci, sai dai ranarsu ta ɗan gaza awa 24. Agogo ne a cikin jikinsu, hasken rana kuma saita shi kawai yake yi kowace safiya. Haka ganyen gyaɗa da na tsamiya suke naɗewa da dare su buɗe da safe. Zakara dai yana da rana mai gyara masa kuskure. Mai tashin da za mu yi magana a kansa ba ya duban rana, ba ya duban wata, ba ya jin ƙamshin ruwa. Abin da aka rubuta masa shi kaɗai ya sani.

Asalinsa wata tsohuwar manhaja ce mai suna cron, wadda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin shekarun 1970, a matsayin wani ɓangare na tsarin Unix. A 1987 wani masani mai suna Paul Vixie ya sake rubuta ta, kuma salonsa ne ya fi yaɗuwa. Aikinta shi ne ta duba agogo kowane minti, ta duba jerin umarnin da aka ba ta, in lokacin wani ya yi ta kira shi. Kamfanonin gajimare sun gaji wannan dabara. Na Google sunansa Cloud Scheduler, na Amazon kuma EventBridge Scheduler.

Ana rubuta jadawalin ne a layi ɗaya mai gurabe biyar, daga hagu zuwa dama: minti (0 zuwa 59), awa (0 zuwa 23), ranar wata (1 zuwa 31), wata (1 zuwa 12), sai ranar mako (0 zuwa 6, inda 0 take nufin Lahadi, 5 kuma Jumma'a). Alamar tauraro a kowane gurbi tana nufin "kowanne". Ga misali:

0 6 * * *

Ma'anarsa, minti na 0, awa ta 6, kowace ranar wata, kowane wata, kowace ranar mako. A taƙaice, ƙarfe 6:00 na kowace safiya. In muna so ya yi aiki daga Yuli zuwa Oktoba kaɗai, sai mu cike gurbi na huɗu:

0 6 * 7-10 *

In kuwa kowace Jumma'a ce da ƙarfe uku da rabi na yamma:

30 15 * * 5

Amazon da Microsoft sun ƙara gurbi na shida a nasu salon, na farko don shekara, na biyu don daƙiƙa, saboda haka kada a kwafi layi daga wani kamfani a kai wa wani ba tare da an duba ba.

Yanzu ga abin kunyata. Lokacin da na fara koyo, na shirya ɗan aiken da zai tuna wa ɗalibaina fita ɗibar tsutsar sauro da sassafe. Maimakon 0 a gurbin farko, sai na sa tauraro, na rubuta * 6 * * *. Kwamfuta ta bi umarnina sau da ƙafa: kowane minti na awa ta shida. Kowane ɗalibi ya sami saƙo 60 a jere. Har yau in na shiga aji akwai masu murmushi. Da a ce gidaje 500 ne, da saƙo 30,000 ya fita a awa guda, da kuɗin damina duka ya ƙare kafin a karya kumallo.

Agogon wa?

Masu sauraron sashen Hausa na BBC sun saba jin ana faɗin lokaci sau biyu, agogon GMT da kuma agogon Nijeriya da Nijar. Mu muna gaba da awa ɗaya. Kwamfutocin gajimare kuwa, in ba a gaya musu wani abu daban ba, da agogon duniya suke aiki, wanda ake kira UTC, kuma a wajen aikinmu daidai yake da GMT. Saboda haka layin nan na 0 6 * * * zai tashi ɗan aike da ƙarfe 7:00 na safe a Shagari, ba 6:00 ba. Awa ɗaya ba wasa ba ce da damina. Da ƙarfe shida maigida yana gida da wayarsa. Da ƙarfe bakwai wataƙila ya kai gona, wayar tana aljihunsa, uwar yara kuma ba za ta ji saƙon ba sai magariba.

Matsalar takan fi muni a kusa da tsakar dare, domin a nan har rana takan sauya. Ƙarfe 12:30 na daren da ya wayi Litinin a Boɗinga, a agogon duniya ƙarfe 11:30 ne na daren Lahadi. Ɗan aiken da ya tambayi kwamfuta "yau wace rana?" a wannan lokaci, Lahadi za a ce masa. Magani shi ne ko dai a rage awa ɗaya da hannu, ko kuma, wanda ya fi, a zaɓi yankin lokaci a wajen saita jadawalin. Na Nijeriya ana rubuta shi Africa/Lagos. Mun ci sa'a ɗaya, ba ma sauya agogo da rani da hunturu kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka, inda awa guda takan ɓace a wata rana ta shekara, wata kuma ta maimaitu.

Ramin kwana 28

Mun iso zuciyar darasin. Yaya za a rubuta "kowane kwana 28" a gurabe biyar ɗin nan?

Mu ɗauka an yi zagaye na farko ran 10 ga Yuli. In aka ƙirga kwana 28, na biyu zai faɗo ran 7 ga Agusta, na uku 4 ga Satumba, na huɗu 2 ga Oktoba. Mai gaggawa zai ce ai wata-wata ne, ya rubuta 0 6 10 7-10 *, watau ran 10 ga kowane wata. Amma Yuli kwana 31 ne, Agusta 31, Satumba 30. Tazarar ta zama 31, 31, 30. A kowane zagaye an bar yaro kwana biyu ko uku da kariya mai rauni, a daidai lokacin da sauro ya fi yawa, kuma kafin zagaye na huɗu jadawalin ya zame da kwana takwas.

Wanda ya ɗan yi karatu kuma zai ce akwai alamar da ke nufin "tsallake-tsallake". Gaskiya ne, in aka rubuta */15 a gurbin minti, ana nufin kowane minti 15, kuma yana aiki lafiya domin 15 tana raba 60 ba saura. Sai ya rubuta */28 a gurbin ranar wata. Wannan ya fi na farko haɗari. Cron ba ya ƙirga kwanaki daga wata zuwa wata. Duk sabon wata yakan koma farko, ya fara daga 1, ya ƙara 28 ya sami 29, ya tsaya. Ke nan zai tashi ran 1 da ran 29 na kowane wata. Daga 1 zuwa 29 ga Yuli kwana 28 ne, daidai. Daga 29 ga Yuli zuwa 1 ga Agusta kuwa kwana uku ne kacal. Ka ga saƙon da yake cewa lokacin magani ya yi, kwana uku bayan an ba da shi. A harkar magani irin wannan saƙo gara babu shi.

Akwai wani tarkon a kusa. Wanda ya lura cewa kwana 28 mako huɗu ne, ranar mako ba ta sauyawa, yana iya cike gurbin ranar wata da na ranar mako tare, yana zaton sai sun haɗu za a tashi. A cron na gargajiya, in an cike su biyun, ko wanne ya dace ya isa. Layin 0 6 1 * 1 zai tashi ran 1 ga wata, ya kuma tashi kowace Litinin.

Wasu kamfanoni sun tanadi wani salo na ƙirga tazara kai tsaye. A na Amazon ana iya rubuta rate(28 days) a sa ranar farawa, kuma zai ƙirga daidai. Duk da haka ban ba da shawarar a dogara da shi a wannan aiki ba, saboda wani dalili da ba na kwamfuta ba. Ba a rana ɗaya ake gama rabon magani ba, kwanaki ake ɗauka ana bi gida-gida. Gidan da ke Sifawa yana iya samu yau, na Danchadi jibi. Ruwa yana iya cinye hanya a ɗaga rana. Kowane gida yana da nasa "rana ta farko".

Hanyar da ta fi inganci ita ce a sauƙaƙa wa zakara aikinsa, a ɗora tunanin a kan ɗan aike. Zakara ya yi cara kowace safiya, ba ruwansa da komai. Shi kuma ɗan aike in ya farka, ya fara duba kwanan wata da agogon Nijeriya. Sa'an nan ya buɗe rajistar da aka ajiye, inda kowane gida yake da layinsa: lambar waya, da ranar da ma'aikaci ya ba da maganin farko. Ya yi ɗebewa. In bambancin kwana ɗaya ne ko biyu, ya aika saƙon tuna ƙwayar AQ. In kwana 27 ne, ya aika cewa ana sa ran masu magani gobe, a tsare yara a gida. In ba ko ɗaya, ya wuce. A mafi yawan safiyoyi zai tashi ya ga babu aiki ya koma, kuma wannan ba hasara ba ce, tunda mun ga abin da tashinsa yake ci.

Wannan dabara ita ce kuma mafita ga duk abin da ba ya bin kalandar Miladiyya, wadda ita kaɗai cron ya sani. Ba za ka iya rubuta masa 1 ga Ramadan ba, domin sai an ga wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, kuma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Haka allurar rigakafin jarirai ta mako 6 da 10 da 14, wadda ake ƙirgawa daga ranar haihuwar kowane yaro.

Alli a jikin bango

Saura abu biyu da sabon shiga ba ya tunawa da su. Na farko, kamfanonin sun yi alkawarin za su kira ɗan aike aƙalla sau ɗaya, ba su ce sau ɗaya tak ba. In ya fara aiki ya tsaya a gida na 300 saboda wata tangarɗa, ana iya sake kiransa, kuma tunda ba ya tuna komai, zai koma gida na farko. Masu allurar shan inna sun daɗe da magance irin wannan: sukan yi rubutu da alli a bangon gidan da suka shiga, su shafa tawada a yatsan yaro. Haka ɗan aike zai yi. Duk gidan da ya aika wa saƙo, ya sa alama a layinsa da kwanan watan yau, kuma kafin ya aika ya duba ko akwai alamar.

Na biyu, in zakara ya mutu gari yakan lura, amma in jadawali ya tsaya babu mai ji. Katin biyan kuɗi yana iya ƙarewa, kuɗin saƙo yana iya ƙarewa, a yi mako biyu kowa yana zaton aiki yana tafiya. Saboda haka a sa ɗan aike ya riƙa aika wa malamin da ke kula da shirin ɗan rahoto kowace safiya, ko da cewa zai yi "yau saƙo 0". Ranar da rahoto bai zo ba, an san akwai magana.

Ban ce wannan zai maye gurbin ma'aikacin lafiya ko mai unguwa ko mai shela ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, kuma ba a hannun uwa take ba. Wata uwar tana karanta ajami sarai amma ba ta karanta boko, don haka saƙon murya zai fi mata amfani. Lambobin wayar mutane kuma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi duk mai tara irin waɗannan bayanai, saboda haka sai da yardar masu su. Kalmomin saƙon ma ba ɗalibai ne za su tsara su kaɗai ba, sai jami'an lafiya na ƙaramar hukuma sun duba sun amince.

Aiki a aji

Malamin da makarantarsa ba ta da kwamfuta ko ɗaya yana iya koyar da wannan darasi da allo da kalanda. A zana gurabe biyar a allo. A naɗa ɗalibi ɗaya zakara, a ba shi layin jadawali a takarda, wani ɗalibin ya riƙa kiran ranaku da awoyi, zakara ya ɗaga hannu duk lokacin da layinsa ya dace. A naɗa wani ɗan aike, a ba shi rajistar gidaje goma na ƙirƙira masu ranaku daban-daban, da alli na sa alama. Na gwada wannan da ɗaliban aji biyar na sakandare, kuma su da kansu suka gano ramin */28 kafin in faɗa.

Ga tambayoyi uku na gida. Rubuta layin da zai tashi ɗan aike da ƙarfe 5:45 na asuba agogon Nijeriya, kowace Litinin, a kwamfutar da ke aiki da agogon duniya. Sau nawa layin 0 6 31 * * zai tashi a shekara guda, kuma waɗanne watanni zai tsallake? In an ba wani gida a Shagari maganin farko ran 18 ga Yuli, lissafa ranakun da ɗan aikenmu zai aika masa saƙo har zuwa ƙarshen zagaye na huɗu, in an ɗauka kowane zagaye ya zo a kan kari.